Muhawara: Shin yawon kwana uku a jirgin ruwa ya dace da wanda bai taɓa fita ƙasar waje ba?

Malam Habu Mai Zoɓo:
Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayena, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani al'amari da nake son yanke hukunci a kansa kafin kaka ta wuce. Wani ejan mai shirya tafiye-tafiye a Kano ya kawo mini tayin yawon shaƙatawa a babban jirgin ruwa, irin wanda mutum zai kwana a ciki, ya ci ya sha a ciki, jirgin kuma yana kai shi daga wannan gari zuwa wancan har kwana uku ko huɗu. Ya nuna mini hanyoyi uku: ɗaya tana tashi daga Dubai, ɗaya daga Darban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik, ta ukun kuma daga Jidda a cikin Bahar Maliya. Ni da mai ɗakina muke son zuwa, kuma babu wanda ya taɓa hawa jirgin sama a cikinmu, domin iyakar fitata ita ce Damagaram da Maraɗi a mota kan harkar kasuwa. Hujjar ejan ita ce babu tafiyar da ta fi wannan sauƙi ga sabon matafiyi, tunda babu neman masauki, babu neman abinci, babu ɓata a baƙon gari. Ina so waɗanda suka san abin su faɗa mini ko maganar tasa gaskiya ce, ko kuwa bakin ɗan kasuwa ne kawai.

Alhaji Ɗanlami:
Wa alaikumus salam. Habu, ni a matsayina na ƙanin mahaifinka ba zan ɓoye maka ba, hankalina bai kwanta da wannan magana ba. Mu mutanen tudu ne, ruwan da muka sani shi ne kogin Haɗeja da kududdufan damina, kuma ko shi ɗin ba mu gama da shi lafiya ba. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari, aka rasa rayuka masu yawa, galibinsu yara 'yan Islamiyya. Kakanninmu sun ƙetare Bahar Maliya, gaskiya ne, sun bi ta Chadi da Sudan a ƙafa da kan jakuna, suka hau jirgi a Suwakin zuwa Jidda, amma farali ne ya kai su, ba kallo ba. Kai kuwa ko Umara ba ka yi ba, sai ka ɗauki ribar zoɓon shekara guda ka zuba a ruwa don ka kwana uku kana kallon ruwa. Wannan shi ne ra'ayina, sauran kuma su faɗi nasu.

Injiniya Bashir:
Allah ya ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana. Tsoron ruwa ba abin zargi ba ne ga mutanen da suka ga abin da ya faru a Bagwai, amma ina roƙon a raba al'amura biyu da ba su da alaƙa sai ta suna. Na yi karatu a makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa da ke Oron a jihar Akwa Ibom, na kuma yi aiki a jiragen dakon kaya, saboda haka zan yi magana a kan abin da na sani. Abin da ke kifar da kwale-kwale a wajenmu sananne ne: lodi fiye da ƙima, tafiya bayan faɗuwar rana, rashin rigar kariya, da rashin mai sa ido. Jirgin da ke tashi daga Jidda kuwa, wanda ake kira Aroya, tsawonsa mita 335 ne, an ƙera shi a Jamus a 2017, yana ɗaukar fasinja sama da 3,000 ban da ma'aikata, kuma ana ƙirga kowane mutum da na'ura a duk shiga da fita.

Akwai dokar ƙasa da ƙasa ta kare rayuka a teku, wadda aka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, ana kuma sabunta ta duk lokacin da aka ga giɓi. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma bincike ya nuna cewa waɗanda suka hau a wannan yini ba a riga an koya musu abin da za su yi ba idan haɗari ya auku. Tun daga 2015 doka ta wajabta a yi wa kowane fasinja atisaye kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi, a nuna masa rigar kariyarsa, da wurin da zai tsaya idan an busa ƙaho, da jirgin ceton da zai shiga. Idan batun nutsewa ne kawai, hanyar Gumel zuwa Kano da Yaya Habu yake bi kowane mako ta fi ba ni tsoro.

Abin da zan tambaye ka, Yaya, shi ne yadda Turancinka ko Larabcinka yake. Duk sanarwar jirgi da lasifika ake yin ta, da Turanci da wasu harsunan Turai, a na Jidda kuma da Larabci da Turanci, kuma wanda ba ya ji yana buƙatar abokin tafiya mai ji.

Malam Habu Mai Zoɓo:
Turancina na ciniki ne, Injiniya, ina karanta rasit da saƙon banki, amma idan Bature ya yi magana da sauri ba na kama komai. Mai ɗakina ta gama sakandare, ta fi ni ji. Larabci kuwa namu na allo ne.

Sagir:
Ina gaida iyayena. Kawu Habu, ina zaune a Kano ina hulɗa da 'yan canji da masu shirya tafiye-tafiye, kuma abin da na lura da shi shi ne ejan bai yi maka ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. Gaskiya ne da zarar ka shiga jirgi komai ya zo da sauƙi. Wahalar tana kan hanyar isa bakin jirgin, kuma ita ce ba ya son a tsaya a kanta. Mutumin Dubai ko Darban yana ɗaukar jakarsa ya hau tasi zuwa tashar jiragen ruwa, shi ya sa yawon kwana uku yake da araha a wurinsa. Kai kuwa sai ka yi fasfo, ka nemi biza, ka sayi tikitin jirgin sama na zuwa da dawowa na mutum biyu, ka bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, ka kama otal, kafin ƙafarka ta taɓa jirgin ruwan. Dukkan wannan ɗawainiya iri ɗaya ce ko kwana uku za ka yi ko wata guda, kuma da dala ake lissafa mafi yawanta, ga shi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san inda farashin dala ya kai a kasuwar 'yan canji ta Wapa.

Batun biza shi ne ya fi kayar da mutanenmu. Jirgin ruwa yana fita daga ƙasa ya shiga wata ya dawo, saboda haka biza mai izinin shiga sau ɗaya ba ta wadatarwa a mafi yawan hanyoyin. Na san wani bawan Allah da wani ejan ya yi wa biza irin wannan, ya biya komai, ya isa tashar jiragen ruwa da jakarsa, ma'aikata suka duba fasfonsa suka ce ba zai hau ba, kuma ko sisi ba a mayar masa ba, domin a ƙa'idar kamfanonin nan takardun tafiya nauyin fasinja ne. Game da Dubai, an rufe wa 'yan Najeriya biza daga ƙarshen 2022 har zuwa Yulin 2024, kuma ko bayan buɗewar sharuɗɗan suna yawan canzawa. Ta Afirka ta Kudu tana buƙatar bayanan asusun banki da haƙurin jira, ga katin rigakafin cutar shawara wanda dole ne a nuna shi. Ta Jidda ta fi kusa da hankalinmu, amma bizar Umara galibi ta shiga sau ɗaya ce, idan jirgin ya fita zuwa Masar ko Jodan sai maganar dawowa ta zama wata matsala.

Abu na biyu, jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Idan jirgin samanku ya yi jinkiri, ko kun rasa na biyu a Addis Ababa, jirgin ruwan zai tashi a kan lokacinsa, kuɗinku kuma ya tafi. Masu hankali suna isa garin da kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, wannan kuma ƙarin kuɗin otal ne da ba ya cikin takardar da aka nuna maka.

Hajiya Rabi:
Sallama ga kowa. Malam Habu, ni na taɓa yin irin wannan tafiya tare da ƙanwata da ke aure a Sharja, muka tashi daga Dubai muka tsaya a Abu Dabi da tsibirin Sir Bani Yas da Doha, saboda haka zan faɗa maka yadda cikin yake, tunda Sagir ya yi bayanin waje.

Farashin da ake tallatawa na ɗaki mafi araha ne, wato na tsakiyar jirgi wanda ba shi da taga ko ɗaya. Namu bai fi shagon tela a kasuwar Gujungu girma ba: gado, ƙaramin teburi, wurin rataye kaya, da banɗakin da idan ka sunkuya wanke ƙafa a alwala sai gwiwar hannunka ta bugi bango. Idan an kashe fitila duhu ne ƙirin dare da rana, ba za ka san Asuba ta yi ba sai da agogon waya, kuma babu ladan. Masan banɗakin yana zuƙe ruwa da ƙara mai firgitarwa, kuma a jirgin da muka hau babu abin tsarki, sai da butar da muka zo da ita ta yi mana rana. A faɗa wa uwargida kada ta ɗauki turaren wuta ko kasko ko dutsen guga ko abin dafa ruwa, domin wuta ita ce babbar abin tsoron jirgi, ana kuma ƙwace su tun a bakin ƙofa.

Ana ba kowa kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, shi ne kuma jakar kuɗi, domin ba a ciniki da tsabar kuɗi a ciki. A ranar farko za a ce ka haɗa shi da katin banki mai aiki a ƙasar waje ko ka ajiye dala, daga nan duk abin da ka taɓa sai a rubuta. Abinci a babban ɗakin cin abinci kyauta ne kuma ya fi ƙarfin ci, amma lemon kwalba, ruwan roba, intanet, wanki, da motar da za ta zaga da kai gari idan an tsaya, duk da kuɗinsu daban. Akwai kuma kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum a kowane dare, wanda a yawancin kamfanoni yakan kai dala goma sha wani abu. Wanda bai sani ba sai daren ƙarshe ya ga takardar bashi ya riƙe baki.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne lissafin kwanakin. Yinin farko yana ƙarewa a layin duba fasfo da jiran jaka da atisayen da Injiniya ya ambata, jirgin ba ya tashi sai yamma ko dare. Ranar ƙarshe kuma da sassafe ake sallamar mutane domin a gyara ɗakuna saboda masu shigowa. Kwana uku a takarda yini biyu ne cikakku, kuma sabon shiga yana cinye na farkon wajen gane hanya, domin benaye ne fiye da goma da lunguna masu kama da juna. Daidai lokacin da mutum ya fara sakin jiki, sai a ce ya haɗa kayansa.

Duk da haka ba zan ce ban ji daɗi ba. Ban taɓa hutawa irin wannan ba, kuma tsayuwa a saman jirgi da hantsi kana kallon gari yana tasowa daga cikin ruwa abu ne da hoton waya ba ya isar da shi.

Malam Yakubu:
Bismillahir Rahmanir Rahim. Tunda an tambaye ni ta gefe, gara in amsa a nan kowa ya amfana. Tafiya domin hutu da kallon halittar Allah halal ce matuƙar ba a nufi saɓo da ita ba, Alƙur'ani kuma ya ambaci gudun jirage a teku a cikin ayoyin Ubangiji. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, saboda haka wanda ya yi shakkar naman da aka ajiye masa yana da mafita a kifi da sauran abincin ruwa, sai dai ya tambaya ko an dafa da giya ko kitsen alade.

Salla a jirgin ruwa ana yin ta a tsaye ga mai iko, ana fuskantar alƙibla, idan jirgin ya juya mai salla ya juya tare da alƙiblar gwargwadon hali, wanda jiri ya rinjaye shi kuma ya zauna. Ƙasaru ya halatta idan tafiyar ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, ko da a teku ne. Amma haɗa Azahar da La'asar saboda tafiya, a mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya rangwame ne na tafiyar tudu, ko da yake wasu mazhabobin ba su bambanta ba, kuma mutumin da ke zaune a ɗaki da ruwa a gabansa ba shi da wata wahalar da za ta sa ya haɗa.

Inda nake da damuwa shi ne yanayin wurin. Jiragen kamfanonin Turai suna da mashaya a kusan kowane bene, da gidan caca, da wurin ninƙaya inda maza da mata suke cikin shigar da ba mu saba gani ba. Na Saudiyya, wato Aroya mai tashi daga Jidda, wanda ya fara aiki a Disamban 2024, an tsara shi ba giya ba caca, abincinsa halal, da wuraren salla a ciki, wannan kuma bambanci ne babba ga mutum irin Malam Habu. Maganar Alhaji Ɗanlami ta farali kuwa tana da tushe. Kujerar Hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025, idan abin da Malam Habu ya tanada ya kai ko ya kusa, to Hajji ne a gaba, babu jayayya. Idan bai kai ba, babu laifi ya yi Umara, ya kuma huta a kan hanya.

Hajiya Rabi:
Allah ya gafarta Malam, a kan alƙibla ina da ƙarin bayani. Manhajar waya tana rikicewa a cikin ɗaki saboda ƙarfen jirgin, amma akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa, da ita muka riƙa ƙiyasi, wani lokaci kuma mu tambayi ma'aikata, domin akwai Musulmi 'yan Indunusiya da yawa a cikinsu.

Malama Hauwa:
Ina neman afuwar manya, amma na ga ana ta magana a kan Malam Habu, an manta cewa mutum biyu ne za su yi tafiyar. Matar da ta shekara ashirin tana tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, idan mijinta ya yi tunanin ya kai ta inda za a dafa a kawo mata, ai abin a yaba masa ne, ba a sanyaya masa gwiwa ba. Kuma ban yarda cewa sauƙin da ejan ya ambata ƙaramin abu ba ne. Mutanenmu da yawa sun je Dubai ko Alƙahira sun ƙare a ɗakin otal saboda tsoron fita da rashin harshe, wasu direbobin tasi sun cuce su, wasu sun kwana da yunwa don ba su san abin da za su saya ba. A jirgi aƙalla mace za ta fita ta zaga ba tare da fargabar ɓata ko ɓarawo ba. Abin da zan ba da shawara shi ne a tambaye ta ita kanta, a nuna mata hoton ɗakin da na wuraren, domin mai yiwuwa ta fi son ta ga Ka'aba da kwana goma a Madina fiye da kowane teku.

Sagir:
Malama, ban ce kada a kai ta ba. Abin da nake cewa shi ne kada jirgin ruwan ya zama shi kaɗai ne dalilin tafiyar. Idan Kawu ya riga ya biya tikitin Jidda domin Umara, to kwana uku a teku ƙari ne a kan tafiyar da ta riga ta biya kanta, ko da an sami tangarɗa aka rasa jirgin, ba a dawo hannu rabbana ba. Amma a tashi daga Gumel takanas zuwa Darban domin yini biyu, kuɗin jirgin sama kaɗai ya ninka na jirgin ruwan, wannan lissafi ne da Kawu ba zai yarda da shi ba a cinikin riɗi.

Injiniya Bashir:
Na yarda da Sagir a kan lissafi, amma ina da saɓani da masu cewa idan za a yi gara a yi na mako guda. Ga wanda bai san yadda jikinsa yake da teku ba, gajeriyar tafiya ita ce gwaji mai hankali. Jirin teku yana faruwa ne idan kunnen ciki ya ji motsi alhali ido yana ganin bango a tsaye, kuma babu mai sanin ko zai kama shi sai ya hau. Manyan jiragen nan suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, amma ba sa kawar da shi gaba ɗaya. Tekun Fasha da Bahar Maliya sun fi kwanciya, gaɓar Darban kuwa tekun Indiya ce buɗaɗɗiya, igiyar ruwanta tana da ƙarfi, ba zan fara kai sabon shiga can ba. A nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a benen ƙasa, inda motsi ya fi sauƙi, idan zuciya ta fara tashi a fita iska a kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, citta ma tana taimaka wa wasu. Game da rikicin da ya sa kamfanoni da dama suka soke ratsa Bahar Maliya a 2024, a ƙarshen kudu ne wajen Yaman, amma ya isa ya nuna cewa kamfani yana iya sauya hanya ko soke tsayawa a wani gari, kuma sharuɗɗan tikiti sun ba shi wannan dama.

Alhaji Ɗanlami:
Na ji bayanin Bashir da na Malam, kuma na janye maganar kwale-kwale, amma ban janye ta lokaci ba. An ce jiragen nan suna aiki a wannan yanki ne daga Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ya sauka. To, Habu, wannan shi ne lokacin da zoɓo da riɗi suke fitowa, shi ne lokacin da kake kwana a Maigatari ranar Laraba domin ka riga kowa cin kasuwar Alhamis, ga alkamarka ta rani tana son ban ruwa. A 'yan shekarun nan kuma azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris. Wa za ka bar wa sito da ma'auni na mako biyu a tsakiyar kakar ciniki? Ku yara kuna lissafin abin da za a kashe a can, ni ina lissafin abin da za a rasa a nan.

Hajiya Rabi:
A matsayina na ma'aikaciyar jinya akwai abubuwan da ba zan bari a rufe maganar ba a faɗe su ba. Akwai likita a jirgi, amma ganinsa da kuɗi ne mai tsada, idan kuma ciwo ya yi tsanani sauke mutum ake yi a asibitin ƙasar da aka tarar, saboda haka inshorar tafiya ba ado ba ce. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya ɗauki wanda zai ishe shi har da ragi, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Tiramadol da kodin suna kai mutum kurkuku a Saudiyya da Daular Larabawa da Masar, goro ma hukumar alhazai tana gargaɗi a kansa kowace shekara. Wuri ne rufaffe mai dubban mutane, cutar amai da gudawa tana yaɗuwa da sauri, kowa kuma ya tuna jirgin Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, inda sama da mutum 700 suka kamu da korona. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ya fi man shafawar da suke ajiyewa a ƙofa. A ƙarshe, Malam Habu, ka yi mini afuwa, idan uwargida tana da juna biyu, kamfanonin ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24.

Malam Habu Mai Zoɓo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci. Hajiya, babu wannan batun, sai dai ni ina shan maganin hawan jini, zan kuma nemi takardar likita. Na bi shawarar Malama Hauwa na karanta wa mai ɗakina duk abin da aka rubuta, ta ce teku tana son gani, amma ba kafin Ka'aba ba. Saboda haka na cire Darban da Dubai daga lissafi. Abin da na tanada bai kai kujerar Hajji ta mutum ɗaya ba balle biyu, don haka Umara za mu nufa idan Allah ya yarda, bayan na kwashe zoɓo na rufe sito, ƙanina Sale kuma ya riƙe ban ruwan alkama, wannan ita ce amsata ga Baffa. Maganar jirgin Jidda ban rufe ta ba kuma ban buɗe ba. Zan koma wurin ejan in ce ya rubuta mini a takarda irin bizar da za a yi mana da ko tana ba da izinin fita a dawo, da garuruwan da jirgin zai tsaya, da jimillar kuɗi har da na hidima, da abin da za a mayar mini idan aka hana mu hawa. Idan ya yi ta kewaye-kewaye, na san inda na tsaya.

Sagir:
Kawu, ka ƙara da tambayar ko a cikin jadawalin akwai tafiyar da ba ta fita daga ruwan Saudiyya, kuma kada ka biya ko kobo na jirgin ruwan sai biza ta fito. Kafin duk wannan sai fasfo, wanda tun Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, ana kuma son ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare a ranar tafiya. Ku duba lambar shaidar ɗan ƙasa ta Inna tun yanzu, domin idan sunan da ke kanta ya saɓa da na takardar haihuwa ko da harafi ɗaya ne, gyaran yana cin makonni. Ranar Litinin ina Dutse, idan kun fito da wuri sai mu haɗu a ofishin shige da fice kafin layi ya yi tsawo.